Takardar da Ba Ta da Gurbin Rumbu

A tashar Azare, muna jiran motar Gadau ta cika, wani dattijo da wani mai jakar takardu suna zaune a benci ɗaya.

"Wai masani ne," in ji dattijon. "An ce gwamnati ta ba shi kwangilar ƙidaya ɓarnar ambaliya, da kuɗin harajinmu. Masanin me? Ma'aikatansa sun zo gidana suna tambayar firji da talabijin."

"Ai tsari ne, Baba," in ji mai jakar.

"Tsarin wa? Na ce ruwa ya narkar min da rumbu uku na gero, suka ce takardarsu ba ta da gurbin rumbu. Sai suka rubuta ban yi asara ba. Maƙwabcina da rediyonsa ya jiƙe ya samu buhun masara. Ni kuwa baki goma sha ɗaya nake ciyarwa, me za su ci kafin kakar baɗi?"

"Daga wani aikin Legas aka kwafo takardar. Lokaci ne ya ƙure."

"Kai yaya aka yi ka sani?"

Mai jakar ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ni na sa mata hannu. Kuma da geron rumbun mahaifina aka yi min karatu. Ka yafe ni, Baba."