Faifan Gyaɗar da Na Ɗauke wa Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Kafin Dafga nake rubutowa.

Bara mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitar gashin ƙashi ta duba shi, ta ce kullum mu ba shi gyaɗa ya riƙa ɓarewa da hannun da ya mutu, kuma kada kowa ya taya shi. Muka fara. Yakan yi rabin wuni bai cika kofi ba, amma yatsun sun soma motsi.

Ranar wata Juma'a ƙaninsa, Kawu Sale, ya zo dubiya daga Turawa, ya tarar da shi da faifan gyaɗa a cinya, yana ɓarewa. Ya ce, "Mutumin da ya ciyar da ku shekara arba'in kuka mayar ɗan aikatau? Ina albarka a nan?" Kunya ta kama ni, na ɗauke faifan. Daga ranar mu ke ba shi abinci a baki, mu ke yi masa alwala. Kowa ya yaba mana.

Bayan wata biyar muka koma asibiti. Likitar ta yi ta ƙoƙarin buɗe yatsun, suka ƙi. Ta ce, "Kun hutar da hannun har ya ƙage."

Ban yi kuka ba, ban ji haushin Kawu ba. Har yau ba na jin komai.

Jiya Baba ya ce a kawo masa faifansa. Na ɗora masa a cinya, ya daɗe yana kallon gyaɗar, sannan ya ce, "Ɗauke, na gode."

Masu sauraro, wanda ya san abin yi ya taimaka mini. Wassalam.