Hannun Da Na Ƙi Kamawa a Bakin Teku

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, matar marigayi Malam Bitrus. Wasunku sun yi shekara biyu ba su gan ni a majami'ar nan ba, wasu kuma sun yi da ni a bayan idona. Na ji duka.

Da maigidana ya yi ritaya daga aikin gwamnati nan Gusau, sai ya ce, "Maman Rifkatu, shekara ashirin da shida kina kan murhu. Tashi mu je ki ga teku." Muka tafi wani gari can kudu, a bakin ruwa. Kwana uku muna shan ruwan kwakwa, muna cin gasasshen kifi. Mun shiga kwale-kwale ina ta salati irin na mutanen garinmu, yana yi mini dariya. Har doki ya hau a kan rairayi, tsofai-tsofai da shi!

Rana ta huɗu ya naɗe wando ya miƙo mini hannu. "Zo mu taka ruwa tare, kamar yadda waɗancan ke yi."

Na ce, "Haba Baban Rifkatu, a gaban jama'a? Ni da jikoki?" Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama hannunsa a bainar mutane ba. Haka aka rene mu. Na noƙe, na gyara gyalena.

Ya ce, "To, zauna da kunyarki. Ni ɗan Bungudu ne, a gulbi na girma."

Teku ba gulbi ba ne, jama'a. Ina kallo ruwa ya ja shi. Da yamma masunta suka fito da gawarsa.

Da muka kawo shi gida, uwarsa, Inna, ta nuna ni a gaban 'yan makoki ta ce, "Kin kai mini ɗa an ba ruwa." Ba wanda ya ce mata kul. Ni kuwa abin da ke ci na daban ne: da na kama hannun nan, da bai yi nisa ba.

Na tsani Allah. E, haka na ce! Na rufe Littafi Mai Tsarki, na koma shan ƙwayar barci, biyu, huɗu, har ɗiyata Rifkatu ta same ni a ƙasa ina kumfa.

Ita ta ja ni taron zumuntar mata a Tsafe. Aka ce kowa ta yi addu'a da bakinta. Ni ba addu'a na yi ba, faɗa na yi. Na ce, "Ubangiji, kai ka yi tekun nan! Ina kake?" Na yi kuka har muryata ta dushe. A nan na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, na san cikin raina ba ni na kashe mijina ba. Daga ranar ban sake haɗiyar ƙwaya ba. Halleluya!

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu da ciwo. Watan jiya na je Bungudu na durƙusa na gaida Inna, ta juya mini baya. Zan koma.

Na gode wa Yesu da ya bar wa Rifkatu uwa. Wanda ke fushi da Allah a cikinku, kada ya ɓoye, ya je ya gaya masa ido da ido. Ni zagi na kai masa, bai kore ni ba. Amin.