Aron Haushi a Tashar Jega

Muna jiran motar Aliero ta cika. Wani saurayi kusa da ni yana ta maimaita Turanci, wata dattijuwa mai buhun albasa tana kallonsa.

"Ɗana, addu'a kake?"

"A'a Inna, intabiyu za ni, aikin koyarwa! An ce suna tambayar mutum pet peeve ɗinsa."

"Mi ke nan?"

"Ƙaramin abin da ke ba ka haushi, wanda bai dami kowa ba sai kai."

"Kai! Ashe abin ga har suna gare shi! Nawa shi ne mai saye ya soka wa albasata farce, ya shinshina, ya ajiye, ya wuce. Naka fa?"

"Shi nake nema tun jiya. Ba ni da shi."

"Ƙarya kake!"

"To, duk bikin da na je sai an ce, 'Har yanzu ba a samu aikin ba?' Shekara huɗu, Inna! Yanzu ko ɗaurin aure ba na zuwa."

Ta jawo buhunta kusa.

"Wanga ba ƙarami ba ne, ɗana, kada ka kai musu shi. Na ara maka nawa. In an ɗauke ka, ka biyo ta kasuwa ka maido mani abina."