Na Ɓoye wa Likita Munsharin Maigidana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hauwa ce daga Jekadafari.

Watan jiya aka yi wa maigidana tiyata. Kafin a shiga, likitan da zai sa shi barci ya tambaye ni ko yana munshari, ko numfashinsa na tsayawa cikin barci. Wallahi yana yi, har sai na girgiza shi. Amma yayansa na tsaye a wurin, kunya ta hana ni, na ce a'a.

Bayan aikin numfashi ya gagare shi, sai da ya kwana biyu a kan oksijin. Likita ya ce da ya sani, da ya yi shiri daban.

Yanzu ya warke, kullum yana sa min albarka saboda jinya. Jama'a, ku ba ni shawara: in faɗa masa, ko in ci gaba da cewa amin?