Ina Soson Buhu Yake Tafiya?

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a yankin Roni, kuma raina a ɓace yake.

Na tambayi ɗalibaina: soson buhun da muke wanke-wanke da shi, in ya cinye, ina yake tafiya? Muka je rafi, muka tace ruwa da farin ƙyalle. Sai ga ɓurɓushin roba, wanda kifi ke haɗiyewa.

Muna dawowa shugaban makaranta ya dizga ni gaban yara: "Malama, wannan zai fito a jarrabawa?" Ya hana mu sake fita.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Shi kuma ina gaishe shi. Kifin da ya ci jiya, a rafin nan aka kamo shi.