Lemon Tsami na Huɗu

Ranar da aka ƙone gawar Seth Abhyankar, mai kamfanin ƙera motoci, bisa al'adarsu, ina zaune a tashar bas ta garin Pimpri da jarida cike da yabon da ba a yi masa yana raye ba. Kusa da ni wata mai sayar da furanni ta tasa wani tsoho gaba, yana sanye da koɗaɗɗiyar rigar ma'aikatan kamfanin.

"Baba, kun ƙare rayuwa kuna ƙera mota, ga ka kana jiran bas!"

"'Yar nan, ni na tuƙa ta farko."

"Kowane tsoho a garin nan shi ya tuƙa ta farko."

"Seth da hannunsa ya sa lemon tsami ƙarƙashin kowace taya, don a shiga da sa'a. Ya ce in taka. Uku suka fashe, na huɗu ya gangare. Na faki ido na jefa shi aljihu."

"Kai, Baba! Ashe ɓarawo ne!"

"Seth ya rungume ni yana kuka, wai duk sun fashe, ba za mu taɓa faɗuwa ba. Kowace shekara sai ya ba da labarin."

"To ai ba ku faɗi ba."

"Shi ya sa na so in gaya masa. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansa, masu gadi ba su san fuskata ba."

"Me za ka ce?"



"In ce, Seth, ba lemon ba ne. Mu ne, da kai."