Kurar da Ba Ta Mutu Ba

A tashar Tahoua, ana jiran motar Barmou ta cika, wata tsohuwa ta ƙura wa kyamarar budurwar da ke gefenta ido.

"Ɗiyata, wannan na mi ne?"

"Fim nike yi, Inna. Ina ɗaukar gatanar tsofaffi don yara. Ki ba ni guda mana."

"Wa ke gatana da rana tsaka? Ba ni yi! Wa ya ba ki?"

"Wani tsoho a Affala. Ya ce kura ta faɗa rijiya ta mutu."

"Ta mutu? Bai iya ba! Akuya ce ta zura mata guga, ta fito jiƙe sharkaf, sai..."

"Inna, rana fa."

"Wannan gyara ne, ba gatana ba. Kunna abin naki, kada ɗiyan mutane su tashi da matacciyar kura!"